Mazan Jiya Da Mazan Yau: Daga Dajin Bama Zuwa Dajin Sambisa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da muka yi bayan taronmu na bara da wani ɗan ajinmu wanda ya shiga soja, ya yi shekarunsa, ya ajiye kaki ya dawo gida. Ya yi mana ƙorafin cewa kowa yana tambayarsa nawa aka ba shi na sallama, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani. Maganar ta tsaya mini a rai, don kuwa ba shi ne na farko ba a ƙasar Gaya da Ajingi da ya tafi fagen fama ya dawo aka bar shi da labarinsa a ciki.

Rukunin farko su ne kakanninmu na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, mutanenmu kuwa suka fi saninsa da yaƙin Hitila. Turawan mulki sun bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai wajen neman samari, aka kai da yawansu Zariya, inda makarantar horar da kurata take tun 1924. Wasu sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a 1943, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga ƙasar Bama suka gwabza da sojojin Japan. Yawancinsu ba su taɓa shiga ajin boko ba, manoma ne da 'yan ci-rani, wasu ma aikinsu ɗaukar kaya a ka ne cikin surƙuƙin dajin da mota ba ta iya ratsawa. Shaidar wannan tafiya tana nan a sunayen barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama suka samo asali. Sa'ad da muke yara a Balan mun riski ƙarshen waɗannan dattawa, muna jin ana ce musu mazan jiya, amma ƙuruciya ba ta bari mun zauna mun saurare su ba. Yau ga shi sai dai addu'a.

Rukuni na biyu su ne iyayenmu na yaƙin basasa. An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli na wannan shekara, bai ƙare ba sai ranar 15 ga Janairu, 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai fi dubu 10 ba, amma kafin a gama ya kai kusan dubu 250. Wannan yana nufin an kwashi samari birni da ƙauye, an ba su horo na ɗan lokaci, an tura su gaba. A nan ne aka ga abin da makaranta take yi wa mutum. Murtala Muhammed, wanda ya jagoranci runduna ta biyu, ya fito daga Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda ake kira Barewa. Sani Abacha ya yi sakandaren lardi ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa. Masu takarda suka zama hafsoshi, sunayensu suka shiga littattafai. Wanda bai yi boko ba ya shiga a kurtu, sau da yawa ya fita da igiya ɗaya ko biyu, ya koma gona ko ya kama gadi a Kano.

Akwai wani dattijo a yankinmu da ya yi wannan yaƙi, wanda na ziyarta don wannan rubutu. Bai yi mini alfahari da harbi ba. Abin da ya fi tunawa shi ne yunwar da ya gani a idon yara a ƙasar Ibo, da wasiƙar da yake roƙon wani ya rubuta masa zuwa ga mahaifiyarsa saboda shi bai iya ba. Ya ce wannan kunyar ce ta sa da ya dawo ya tura 'ya'yansa duka makaranta, mata da maza, musamman da aka buɗe shirin firamare kyauta a 1976. Ashe wasunmu albarkacin irin wannan tunani muka ci har muka zauna a aji.

Bayansu akwai waɗanda suka je Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG daga watan Agusta na 1990, da waɗanda suka wuce Saliyo daga baya. Sai kuma sa'o'inmu. Su da takardar sakandare suka shiga, wasu ta Zariya, wasu ta Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna wadda aka kafa a 1964. Su ba su ƙetare teku ba, a gida wutar ta same su. Rikicin Boko Haram ya tashi a 2009, aka kafa runduna ta bakwai a Maiduguri a 2013, aka yi shirin Lafiya Dole daga 2015, aka sauya masa suna zuwa Haɗin Kai a 2021. Wanda muka yi layin abinci tare da shi, muka yi sharar fili tare, shi ne ya kwana cikin rami a bakin dajin Sambisa, mu kuwa muna ofis muna jiran ƙarshen wata.

Ɗan ajin namu ya ce horon makarantar kwana, tashin asuba da biyayya ga na gaba, ya taimake shi a farkon shiga. Abin da babu makarantar da ta koya masa shi ne yadda ake komawa farar hula: barci ba ya zuwa, ƙarar tayar mota in ta fashe sai gabansa ya faɗi, ga jeka-ka-dawo kan takardun haƙƙinsa. Ba shi kaɗai ba ne, don a 2025 an ga tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a Abuja suna neman a biya su haƙƙoƙinsu. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda fayil yake kwana a kan tebur, saboda haka wannan magana da mu ake.

Gwamnati ta keɓe ranar 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni, ana sakin tantabaru. To amma furen Abuja ba ya isowa Balan ko Kademi ko Toranke. Ina ba wannan ƙungiya shawara uku. Na farko, a tattara sunayen duk ɗaliban makarantarmu da suka yi aikin soja, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Na biyu, a naɗa mutum biyu ko uku su bi dattawan yaƙin basasa su ɗauki muryoyinsu tun suna da rai, don mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in. Na uku, a ware wani abu daga asusunmu don kuɗin makarantar marayun da suka bari. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mun yi sakaci da mutanen Bama har suka ƙare, kada mu maimaita.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba masu rai lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.