Turakun Kogin Bach Dang da Ilmin Masunta

A arewa maso gabashin Biyetnam, tsakanin Hai Phong da lardin Quang Ninh, kogin Bach Dang ke faɗawa teku. Gajeren kogi ne mai rassa da yawa da taɓo, amma a kansa aka yi yaƙe-yaƙen da 'yan ƙasar suka fi tinƙaho da su. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, littattafan tarihi sun cika yabon janarori, sun rage wa mutanen bakin kogi haƙƙinsu, alhali dabarar da ta ci yaƙin ba ta yiwuwa sai da saninsu.

A shekarar 938 daular Han ta Kudu, ta ƙasar Sin, ta turo jiragen yaƙi ƙarƙashin yarima Liu Hongcao. Jagoran 'yan Biyetnam, Ngo Quyen, ya sa aka kafa turaku masu kan ƙarfe a gindin kogin. Da teku ta cika, ruwa ya rufe su. Ƙananan kwale-kwale suka takali abokan gaba, suka juya kamar sun tsorata. Jiragen suka biyo su ciki. Da ruwa ya janye, sai turakun suka fito, suka soke manyan jirage, yariman ya rasa ransa. Nan mulkin Sin na kusan shekara dubu ya ƙare, a 939 kuma Ngo Quyen ya zama sarki a Co Loa.

A duba lissafin da ke ƙarƙashin wannan. A mashigin Tonkin, inda kogin ke faɗawa, teku kan cika sau ɗaya ne a rana, saɓanin yawancin gaɓar duniya inda take cika sau biyu, kuma tazarar cika da janyewa takan kai mita uku ko fiye. Turken da ya yi tsawo za a hango shi, wanda ya gaza kuwa jirgi zai wuce ta kansa lafiya. Sa'a guda ta kuskure ta isa ta rushe shirin. Wa ya san wannan in ba masunci da mai fito ba, waɗanda kullum abincinsu ke rataye da tashi da saukar ruwan?

Shekara 350 bayan haka, a 1288, janar Tran Hung Dao na Biyetnam ya maimaita dabarar a kan rundunar Mongol ta Kublai Khan, aka kama kwamandan jiragen, Umar, da ransa. Mai musu zai ce wannan karon yunwa ce ta karya Mongol, domin wani janar na Biyetnam, Tran Khanh Du, ya riga ya tarwatsa jiragen abincinsu a Van Don, dole suka ja da baya. Gaskiya ne, kuma hakan na nuna basirar manya. Sai dai yunwa ta kore su ne kawai. Inda aka tare su, da lokacin, kogi ne ya yanke. Turakun da aka tono a Yen Giang suna bakin reshen da ake kira Chanh ne, abin da ke nuna an toshe hanyoyin kuɓuta ɗaya bayan ɗaya. A 2019 an sake gano wasu a Cao Quy, cikin gona. Sare itatuwa masu yawa haka, a feƙe su, a kafa su cikin taɓo ba tare da labari ya fita ba, aikin ƙauyuka ne gaba ɗaya.

Mutanen Quang Yen, da ke bakin kogin, ba su manta ba. Suna da labarin baka na wata tsohuwa mai sayar da abin sha a mashigar fito, wadda aka ce ita ta koya wa Tran Hung Dao lokutan ruwan. Tatsuniya ce, ba hujjar tarihi ba, amma sun gina mata ɗakin tunawa, Mieu Vua Ba, dab da na janar ɗin, kuma har yau ana ziyartar su tare.