Shan iska a Yawunde: nazari kan mutanen Briqueterie da lambunan birni

Daga Ekoudou, unguwar da aka fi sani da Briqueterie, zuwa lambun Bois Sainte Anastasie da ke mahaɗar Warda tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Duk da wannan kusanci, in la'asar ta yi sanyi, magidancin unguwar ya fi ganewa ya zauna kan benci a ƙofar shagon tela, hayaƙin masu tsire na ratsa layi, 'yan acaɓa na wucewa dab da gwiwarsa. Abin da ya raba shi da lambun nan shi ne abin nazari a nan.

Yawunde ba ta rasa wuraren shaƙatawa ba. Birni ne mai tuddai, kimanin mita 750 sama da teku, ga damina biyu a shekara, don haka tsiro ba ya wahalar kamawa. Tun kafuwar sansanin Jamusawa aka haɗa garin da sha'anin itatuwa, domin Georg Zenker, wanda ya riƙe sansanin daga 1889 zuwa 1895, masanin tsirrai ne. A zamanin Faransawa aka buɗe gidan namun daji na Mvog-Betsi a 1951. Akwai dutsen Fébé da ya haura mita 1000, inda ake hango birnin kamar an shimfiɗa tabarma. Mai mota kuma yana iya nausawa kudu zuwa gandun Mefou, inda ƙungiyar Ape Action Africa ke renon gwaggon biri da sauran birai da mafarauta suka mayar marayu, ko ya wuce Ebogo kusa da Mbalmayo ya shiga kwalekwale a kogin Nyong.

Sai dai duk waɗannan an gina su ne a kan fahimtar Turawa ta hutu: mutum ya bar gida, ya tafi wani keɓaɓɓen wuri, sau da yawa ya biya kuɗin shiga, ya yi kallo ya dawo. A wajen Bahaushe lambu wurin aiki ne, na ban ruwa da cirar albasa. Hutunsa yana gindin bishiya, a dandali, a ƙofar masallaci tsakanin la'asar da magariba, inda hira take kuma ba a biyan ko sisi. Fataken Hausawa da suka fara zama a Yawunde tun zamanin Jamusawa da wannan ɗabi'a suka zo, jikokinsu na Briqueterie ma ba su yar da ita ba. Shi ya sa fita zuwa gidan namun daji ta fi dacewa da yawon Sallah, ranar da yara suka sha sababbin kaya, aljihu cike da goron Sallah.

Ga kuma lissafin mai iyali. Uba mai 'ya'ya shida zai ninka kuɗin shiga da na tasi, sannan ya tambayi kansa inda za su yi alwala in lokaci ya yi, da ko wurin cin abincin ba mashaya ce a gefe ba. Uwa kuwa tambayarta ita ce ko za ta sake ta zauna da 'ya'yanta mata.

A ganina babbar asarar tana cikin unguwar kanta. Briqueterie ta cika ta batse, kwano na gogar kwano, lunguna da ƙyar mutum biyu ke giftawa, kowane taƙi ya zama ɗaki ko shago. Bishiyar da al'adar ta dogara a kanta ta yi ƙaranci, bencin ya koma bakin kwata. Tsoho mai ciwon gwiwa ba zai hau Fébé ba, yaron da ke buga ƙwallo tsakanin babura ba zai jira Sallah ba. Abin da suke bukata mangwaro ne ko biyu a harabar masallaci da makarantar allo, da ɗan fili mai inuwa wanda ba shi da ƙofa ba shi da mai karɓar kuɗi.