Daga hannun ungozoma zuwa katin awo a Kekun Waje

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da maganar awon ciki sai ka ji an ce jahilci ne ke hana matanmu zuwa. Ni dai ban yarda ba.

Kakata ungozoma ce a Kekun Waje, cikin ƙasar Bunguɗu. A zamaninsu ba a kiranta sai jariri ya faɗo. Ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta tsaya kan wankan jego. Kafin nan ciki sirri ne. Mai cikin fari ko uwarta ba ta faɗa wa saboda kunya, sai ya kai wata bakwai a mayar da ita gida goyon ciki. To wadda ta ɓoye wa mahaifiyarta, ta yaya za ta kwanta baƙuwa ta taɓa mata ciki? Amma wallahi kakar nan tawa ce daga baya ta riƙa kora mata asibiti, bayan jijjiga ta kashe wata yarinya a gabanta. Takan ce saiwa ba ta ganin hawan jini.

Ta samu inda za ta tura su ne saboda ƙananan asibitocin da suka yaɗu a karkara zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, 1985 zuwa 1992. A 2009 kuma gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomin asibiti ƙauyuka. Rikicin rigakafin shan inna na 2003 ya bar zargi a zukata, gaskiya ne, amma mata ba su daina yankar kati ba, ko don maganin ƙarin jini da gidan sauro.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau takwas maimakon huɗu, a daidai lokacin da hanyoyinmu ke komawa hannun 'yan bindiga. Ku tuna Satumbar 2021: an katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako-mako. Maigidan da ake zargi da hana izini bai ci kasuwa ba, ina zai samo kuɗin mashin zuwa Bunguɗu, balle Gusau?

Katin matar ƙanena yana nan a ɗakinta, awo biyu kacal aka rubuta a kai. Da naƙuda ta zo mata cikin dare, babu mai mashin da ya yarda ya fita. Wata tsohuwa ce ta yanke cibiyar da reza, kamar yadda kakata ke yi.