Yadda ake auna haɗarin ƙwayoyin cuta a rijiya, burtsatse da ƙananan tashoshin ruwa

Ƙananan hanyoyin ruwan sha su ne rijiyar unguwa, rijiyar burtsatse, tankin ƙauye da duk wata tasha da ke shayar da mutane kaɗan ba tare da ƙwararrun ma'aikata ko ɗakin gwaji ba. Babban haɗarinsu shi ne cuɗanya da najasar mutum ko ta dabba, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin kwalara, taifot da gudawa. Ruwa na iya zama garau a ido, ba wari, ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da su.

Ba a bin kowace ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya, domin hakan na da tsada. Ana neman E. coli, wadda ke rayuwa a hanji, ganinta kuwa shaida ce cewa najasa ta shiga ruwan ba da jimawa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a same ta ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Sai dai gwaji hoton rana ɗaya ne. Rijiyar da ta fita tsaf a watan Maris tana iya gurɓata da ruwan farko na damina. Shi ya sa ake haɗa shi da duba wurin ido da ido: shin akwai masai ko turken dabbobi a kusa, musamman ta tudu? Daɓen simintin bakin rijiya ya tsage? Ruwa na kwanciya a gindin famfo? A ƙasa ake yar da guga? Ƙa'idojin ayyukan agaji sun nemi tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ko da yake irin ƙasar wurin na iya sa a ƙara. Wannan dubawa ba ta buƙatar na'ura, kuma sau da yawa tana gano matsala kafin kowa ya kwanta ciwo. Tun 2004 hukumar ta sa wannan tsari na bin ruwa daga tushe har bakin mai sha a gaba.

Idan ana zuba sinadarin klorin, ana auna ragowarsa: bai kamata ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita ba a inda ake ɗiba. Ruwa mai laka yana rage masa ƙarfi.

Garin Walkerton na ƙasar Kanada ya nuna abin da sakaci ke jawowa. A watan Mayun 2000, ruwan sama mai yawa ya wanke kashin shanu daga wata gona zuwa cikin rijiya mara zurfi da ke shayar da garin. Mutum bakwai suka mutu, kimanin 2,300 suka kamu da ciwo. Binciken Mai Shari'a Dennis O'Connor ya gano cewa masu kula da tashar ba sa zuba klorin yadda ya kamata, suna kuma rubuta alƙaluman ƙarya, sannan rage kasafin kuɗin gwamnatin lardin Ontario ya raunana sa ido.

A Najeriya akwai ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa tun 2007, amma burtsatsen da ɗan majalisa ya ƙaddamar da kiɗa da tuta ba kasafai ake komawa a gwada ruwansa ba. Haɗarin kuma bai tsaya a bakin famfo ba: jarkar mai garuwa, randar da ba murfi da moɗar da kowa ke tsomawa duk suna iya gurɓata ruwan da ya fito da tsafta. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa.