Makomar Lafiyar Masu Ciwon Hanta Nau'in B da C Bayan Magani: Nazari Kan Dutse da Tsakiyar Jihar Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar binciken da aka wallafa kan yadda lafiyar masu daɗaɗɗen ciwon hanta ke kasancewa shekaru bayan fara magani, ta auna shi da halin Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Matsayarta ita ce: amfanin maganin ya dogara ne ga bibiyar majiyyaci na tsawon rai.

Gabatarwa

Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Sai a 2004 rigakafin nau'in B ya shiga jerin allurar jarirai a ƙasar, don haka yawancin magidantan Jigawa an haife su ba wannan kariya. Da yawa sun kamu tun suna goye, ko ta askar wanzami wajen kaciya, tsaga da cire beli. Cutar takan yi shekaru ba alama, sai ran da ido ya yi shawara ko ciki ya kumbura.

Abin da Bincike Ya Nuna

Nau'in C yana warkewa. Haɗin sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 yana kawar da ƙwayar cutar a jikin fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shansa. Binciken HEPATHER na Faransa, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2019, ya nuna raguwar mace-mace da dajin hanta ga waɗanda suka sha irin waɗannan magunguna. Sai dai wanda hantarsa ta riga ta taurare bai fita daga haɗarin daji ba, kuma warkewa ba ta hana sake kamuwa.

Nau'in B ne ya fi shafar mu. Tenofovir yana danne ƙwayar cutar, ba ya kawar da ita. Marcellin da abokan aikinsa sun ruwaito a 2013 cewa cikin mutum 96 masu taurarriyar hanta, 71 sun rabu da taurin bayan shekara 5 suna shan maganin. Wannan babban albishir ne, amma da sharaɗi: ba a fashi. Manomin da ya sayi maganin wata uku bayan kaka, ya ji sauƙi, ya ajiye da bazara don kuɗi ya yanke, yana iya fuskantar tashin cutar da zai durƙusar da hantar cikin makonni.

Tattaunawa

Abubuwa biyu na wannan yanki sun cancanci kulawa. Na farko, gyaɗa da masara da aka ajiye a rumbu da danshi kan yi fumfuna mai gubar aflatoxin, wadda ke ninka haɗarin daji idan ta haɗu da nau'in B. Shawarar busar da amfanin gona sosai, a ganinmu, ɓangare ne na magani. Na biyu ƙoda: tenofovir na iya taɓa ta, kuma jihar da aka daɗe ana kukan ciwon ƙoda a yankin Haɗeja bai kamata ta ba da shi ba tare da gwajin ƙoda a kai a kai ba. Ga mai raunin ƙoda akwai entecavir.

Illar makara wajen gano dajin hanta a bayyane take. Binciken Yang da abokan aikinsa na 2017 ya gano cewa a ƙasashen Afirka da aka nazarta, ban da Masar, rabin masu dajin hanta ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan gano cutar. Hoton ciki duk wata 6 shi ke kama ƙari yana ƙarami.

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 sun sassauta sharuɗɗan fara magani, har gwajin jini mai araha na APRI ya isa hujja. Masu shan magani za su ƙaru ke nan. Muna ba da shawarar Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Birnin Kudu su riƙe rajista guda, asibitocin Jahun da Kiyawa su riƙa ba da maganin wata-wata kusa da gida, a kuma nemi duk wanda ya tsallake ranar zuwansa ta waya kafin ƙwayoyinsa su ƙare.