Ɗinya da maɗi: zaƙin da kakanninmu suka sani kafin zuwan sukari



Ran kasuwar Matamaye da ta wuce mun ga wata dattijuwa zaune da ɗan kwanon ɗinya a gabanta, ta nuna baƙa wuluk har tana ƙyalli. Sai ga wani yaro, ba zai wuce shekara goma ba, ya tsaya yana tambaya: "Iya, mene ne wannan?" Ɗan ƙasar Kance bai san ɗinya ba! Shi ya sa yau muka ce bari mu ɗan waiwaya baya.

Mu da muka yi lakwal, a littattafan Faransanci muka fara cin karo da wani ɗan itace wai shi mûre. Mushe ya ce baƙi ne, yana da zaƙi, a jikin ƙaya yake fita. Muka hardace don jarrabawa, muka wuce. Sai da muka girma muka gane ashe labarinsa a ƙasar Turai ɗan uwan labarin ɗinyarmu ne.

A Ingila, zamanin Sarauniya Biktoriya, wato daga 1837 zuwa 1901, wannan ɗan itace a shingen gonaki da bakin hanya yake fita. Ba mai shuka shi, ba mai yi masa ban ruwa. In watan Agusta da Satumba suka kama, mata da yaran talakawa su ɗauki kwanduna su bi shinge suna tsinka, a ci wani a gida, a kai wani kasuwa, kuɗin su shiga takalmi ko tufafin sanyi. Har camfi gare su: wai da Oktoba ta ɗan yi nisa ba a ƙara tsinka, don Shaiɗan ya tofa masa yawu. Gaskiyar magana dai, sanyi da laima ne suke sa shi fumfuna. A 1874 gwamnatinsu ta cire harajin sukari, ya yi araha. Daga nan mace za ta dafa ƴaƴan da sukari har su yi kauri, ta zuba a kwalba, a yi ta shafa wa burodi har sanyi ya wuce. Kun ga, can sukari daraja ya ƙara wa ɗan itacen daji.

To mu a nan fa? A daidai wannan zamani ƙasarmu tana ƙarƙashin Damagaram, lokacin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884. Mai hali yana da zuma, yana da dabinon da ayari ke kawowa daga arewa. Talaka kuwa daji ne kantinsa, kuma kowane lokaci da abin da yake bayarwa: ɗinya daga ƙarshen damina zuwa kaka, magarya da kanya lokacin ɗari, aduwa da goruba da rani, ga gawasa, ga faru, ga tsamiya. Itacen da ke cikin gona, kamar ɗorawa ko kuka, yana da mai shi. Na daji kuwa, wanda ya riga zuwa shi ke tsinta.

Amma ɗinya daban take. Wadda ba ta gama nuna ba, a rufe ta cikin toka ko tukunya ƴan kwanaki sai ta yi baƙi. Nunanniyar a jiƙa ta, a dama da hannu har naman ya rabu da ƙwallon, a tace, a ɗora ruwan a wuta. Aiki ne na wuni guda, ana juyawa ana ƙara itace, har ya koma baƙi mai kauri yana bin muciya. Wannan shi ne maɗi. A sa shi a kunu, a lasa haka nan, in kuma aka ƙara masa wuta aka ja shi sai ya zama alewa. Duk cikin wannan aiki babu ƙwarar sukari ko ɗaya, zaƙin daga itacen yake fitowa. Ƴan mata su ɗauka talla, a saya da wuri, don a lokacin wuri ne kuɗi. Da bazara kuma, sa'ad da rumbu ya fara sauka ƙasa, sabon tohon ɗinya, wato ɗinkin, shi ake dafawa a kwaɗa. Malamai ma suna samun tawadar allo daga jikinta. Itace ɗaya ke nan fa, jama'a.

Magarya ita ma ba a bar ta haka ba: a shanya, a daka, a yi akuri da garin. Kuma in shekara ta ɓaci, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, irin wannan sanin daji ne ya tsayar da ran mutane da yawa.

Me ya faru har yaro ke tambayar sunan ɗinya? A ganinmu abu uku ne suka haɗu, kuma na farkon shi ne sukari. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kantunan Turawa suka fara kawo sukari mai ƙwara, shayi ya shiga gidaje, daga baya bombon ya cika teburin kowane mai tireda. Wace mace ce za ta wuni gaban murhu tana juya maɗi, alhali ga zaƙi a leda na dala biyar? Ba mu ga laifinta ba. Abin da ya raya ɗan itacen Ingila, shi ya kashe kasuwar namu.

Sai gyaɗa. Da nomanta ya bunƙasa, har aka kafa masana'antar man gyaɗa a Matamaye, aka sassabe daji aka mai da shi gona, mutane kuma suna ta ƙaruwa. Na ukun ya fi ciwo. Dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa itatuwa a hannun ma'aikatan gandun daji. Niyyar kariya ce, amma manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya taɓa shi tara ce. Sai ya riƙa cire ƙaramin tsiro tun bai zama rigima ba. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka kwantar da manyan da suka rage, ba ƙanana a bayansu. Ɗinya kuwa mai son ƙasa mai danshi ce, ta fi sauran jin jiki.

Alhamdu lillahi, daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamaye, Magarya da Mirya sun koma barin tsiro a gona, har mutanen waje suna zuwa kallon gawon da ya rufe ƙasarmu. Dokar 2004 ma ta ɗan sassauta. Sai dai gawo ne ya dawo, don dabbobi suna watsa irinsa cikin kashinsu kuma manomi ya san amfaninsa ga hatsi. Ɗinya sai an neme ta, an shuka, an kare ta daga awaki.

Dattijuwar nan ta ce mana ɗinyarta daga bishiya ɗaya take, wadda ta tarar a gonar gidan mijinta tun tana amarya. Mun tambaye ta maɗi, ta yi dariya ta ce rabonta da dafa shi tun kafin ta aurar da ƴarta ta fari.

Duk wanda ya san inda ɗinya take tsaye a cikin komin ɗin Tsauni, ko yana da kaka da har yanzu ta iya maɗi, don Allah ya faɗa mana sunan garin. Muna so mu je kafin ɗinyar bana ta ƙare, mu zauna mu ga yadda ake dafawa.