Farcen Kakana da Hasken Hantsi

Kakana manomin fadama ne a Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur. Ranar Juma'a da hantsi yakan zauna a bakin zaure, mai yankan farce ya iso yana kaɗa almakashi, da 'yar kwalbar ruwan sabulu a hannu. Kafin ya sa aska sai ya ɗaga ƙafar tsohon, ya juya ta wajen rana, ya ƙura ido.

"Baba, wannan babban ya mutu, laka ce ta cinye shi."

Farcen ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa kamar ɓawon gyaɗa. Kakata takan ƙunsa masa lalle, ja ya rufe rawayar, ciwon kuwa yana nan a ƙasa.

Mai aska ya kusa gaskiya. Laka da danshi ƙofa suke buɗe wa wata ƙwayar cuta, dangin mai haddasa makero da cin ruwa. A Faris, cikin shekarun 1840, likita David Gruby ya hango irinta a madubin ƙara girma, ya tabbatar ita ce tushen makero. A 1903 Robert Wood, masanin kimiyya a Amurka, ya ƙera fitila mai haske shuɗi-shuɗi, kuma daga 1925 likitocin Faransa suka fara haska kawunan yara da ita a ɗaki mai duhu, gashin da ya kamu ya yi kore. Sai dai yawancin ƙwayoyin da ke cin farce ba sa amsa wannan fitila. Shi ya sa har gobe ake kankare garin farcen, a ɗiga masa sinadari, a duba a madubi. A 1991 masana a jami'ar MIT suka fito da hanyar OCT, wadda ke tura haske cikin nama ta zana hotonsa hawa-hawa, ba yanka ba jini, daga baya aka gwada ta a kan farce.

Abin da ya sa batun gwajin farce ya dame ni shi ne, kusan rabin faratan da suka lalace ne kawai ke ɗauke da ƙwayar. Sauran, sarar fartanya ce, ko matsin takalmi, ko wata cutar fata. Maganin kuwa sai an sha na wata 3, yana iya taɓa hanta, kuma farcen ƙafa kan ɗauki shekara kafin sabo ya maye gurbinsa. Mai ciwon suga ma, ɗan ciwon yatsa kan zame masa gyambo.

Kakana ya rasu da farcensa haka. Ƙanena da ya gaji fadamar, da nasa ya fara rawaya bayan girbin shinkafa, na sa shi a motar Funtua, muka wuce asibitin koyarwa na Shika. Ma'aikaciyar ta ɗaga ƙafarsa, ta juya ta wajen fitila, ta ƙura ido, sannan ta ɗauko abin kankara.